Hoton radiyo, takardun labo da bidiyon eko a manhajar kilinik: amsa ga mai tambaya daga Tawa

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Tawa ne, ina rubuta manhaja. Wani ƙaramin kilinik a nan ya ba ni aikin haɗa musu wadda za ta riƙe bayanan marasa lafiya. Suna da na'urar radiyo ta zamani da ta eko, ga takardun labo tuli, wasu kuma sukan dawo daga Yamai da faifan sikana. Abin da na yi shi ne, kowane hoto na mayar da shi JPEG na zuba cikin MySQL, rumbun bayanan manhajar. Wata huɗu ke nan. Yanzu manhajar ta yi nauyi, likitan da ke duba mana hotuna daga Yamai ya ce ba ya iya aiki da abin da nake tura masa, bidiyon eko kuma sai ya kai rabi ya tsaya. A ina na kuskure?"

Wa'alaikumus salam, ƙanena. In na fahimce ka, abu uku ke damun ka: manhaja ta yi nauyi, likita ya ƙi hoto, bidiyo ya ƙi tafiya. Ka jera su kamar uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, amma girmansu ya bambanta. Nauyin MySQL aikin mako ɗaya ne. Bidiyon ma akwai dabararsa. Wanda ya sa na gyara zama shi ne na likitan, domin ranar da ka mayar da hoton nan JPEG, ka zubar da wani abu da ba ya dawowa. Kuma akwai na huɗu da ba ka ambata ba, wanda ni shi ya fi ba ni tsoro, za mu zo kansa.

Ni ma haka na fara, kada ka ji kunya. Duk wanda ya fito daga rubuta manhajar shago ko ta makaranta, in ya ga hoto, hoto kawai yake gani.

Abin da ke cikin fayil ɗin kafin ka taɓa shi

Na'urorin asibiti suna da yarensu, sunansa DICOM. Ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka da ƙungiyar masu ƙera kayan lantarki ta can suka fitar da shi karo na farko a 1985, ya ɗauki wannan suna a 1993, kuma har yau shi radiyo da eko da sikana suke ji, ko daga wace ƙasa aka sayo su. In ka buɗe fayil ɗin ka leƙa cikinsa, bayan bayit 128 na farko za ka ga haruffa huɗu, DICM. Da su za ka gane shi. Kada ka dogara da wutsiyar suna, domin faifan da ake kawowa daga Yamai sau da yawa fayilolinsa ba su da wutsiya ko kaɗan, sai ka ga IM0001, IM0002, da wani guda mai suna DICOMDIR wanda shi ne jadawalin sauran.

Fayil ɗin kamar ambulan yake. Hoton na ciki, amma tare da shi akwai sunan mara lafiya, lambarsa, ranar ɗauka, na'urar da ta ɗauka, da kuma milimita nawa kowane ɗigo yake wakilta a jikin mutum. Kowane bayani yana da gurbinsa mai lamba a fayil ɗin. Wannan na ƙarshen, mai lamba (0028,0030), da shi likita ke auna faɗin zuciya ko girman ƙari. JPEG ba ya ɗauke da ko ɗaya cikin waɗannan.

Ga babbar asarar. JPEG na yau da kullum launin toka 256 kawai yake iya riƙewa tsakanin baƙi da fari. Radiyo da sikana kuwa sukan ajiye bit 12 ko fiye a kowane ɗigo, wato mataki 4096 zuwa sama. Idon ɗan Adam ba ya rarrabe wannan duka a lokaci guda, shi ya sa likita yake zaɓar wani yanki na lambobin ya baza shi a allo. Su suna ce masa taga. A sikana, ma'aunin Hounsfield ake amfani da shi: ruwa 0, iska -1000, ƙashi ɗaruruwa zuwa sama da 1000. In ƙwaƙwalwa zai duba, sai ya sa tsakiyar taga a 40, faɗinta 80. In huhu ne, tsakiya wajen -600, faɗi 1500. Hoto ɗaya ne, taga ce ta sauya, sai abin da ke ɓoye ya fito.

To yi lissafi da kanka. In ka matse mataki 4096 cikin 256, kowane launi ya haɗiye mataki 16. Tagar ƙwaƙwalwa gaba ɗaya, mai faɗin 80, ta koma launi biyar. A cikin launi biyar ɗin nan ake so likita ya bambance jinin da ya zuba da naman ƙwaƙwalwa. In kuma ka zaɓi taga guda kafin ka mayar, ka ce ta ƙashi, to ka yanke masa hukunci ke nan, huhun ya tafi. Da ya ce maka ba ya iya aiki, ba iyayi ba ne. Yana jan linzamin kwamfuta don ya sauya haske, babu abin da ke motsi.

Saboda haka dokar farko a wurina: fayil ɗin da na'ura ta bayar, a ajiye shi yadda ya zo, ba a ƙara masa ba a rage. In kana son ƙaramin hoto na JPEG don jerin marasa lafiya ya buɗe da sauri, yi shi, amma ya zama kwafi ne da za ka iya sharewa ka sake ƙirƙira gobe.

Kuma in za ka ƙirƙiri kwafin, akwai ramuka uku da kowa ke faɗawa. Lambar da ke cikin fayil ɗin sikana ba ita ce ta Hounsfield ba tukuna, sai ka ninka ta da abin da ke (0028,1053) ka ƙara abin da ke (0028,1052), wanda galibi -1024 ne. Na biyu, duba (0028,0004): in ka ga MONOCHROME1, ƙaramar lamba fari take nufi, in MONOCHROME2, baƙi. Wasu na'urorin radiyo na farkon suke bayarwa, in ba ka kula ba sai ƙashi ya fito baƙi ƙirin. Na uku namu ne na ƙasashen Faransanci. DICOM da ɗigo yake rubuta ɓangaren lamba, 0.5, kwamfutocinmu kuma an saita su kan waƙafi, 0,5. Na taɓa kwana biyu ina neman abin da ya sa manhaja ke aiki lafiya a kwamfutata amma tana faɗuwa a ta kilinik, ashe wannan ne. Duk inda kake karanta lamba daga fayil, ka tilasta wa manhajarka ta yi watsi da saitin yaren kwamfutar.

Gaskiya ma, kada ka rubuta mai karanta DICOM da hannunka. In Python kake yi, ga pydicom. In Java, dcm4che. In C++, DCMTK ko GDCM. In .NET, fo-dicom. Mutane sun shekara da shekaru suna cin karo da na'urori masu taurin kai suna gyara waɗannan, kuma duk kyauta ne.

Hoton nan na wane ne?

Ga na huɗun da na ce maka. Shekarun baya na haɗa wa wani kilinik a nan Yamai ma'ajiyar hotuna. Komai na tafiya daidai, har wata safiya likita ya kira ni, muryarsa a sanyaye. Na iske shi da hoton ƙirji a allo, ya sa bakin biro a kafaɗar hagu ya ce, "Malam, ka ga wannan?" Wani farin ƙarfe ne kwance kan ƙashin wuya da kusoshinsa. Dattijon da ke zaune a kujera gefe, hularsa a gwiwa, bai taɓa karaya ba a rayuwarsa, balle a sa masa ƙarfe. Hoton wani ne daban, mai suna iri ɗaya da nasa.

Da na bi sawu, sai na ga abin da ya faru. Mai ɗaukar hoto, in layi ya yi tsawo, ba ya tsayawa rubuta lambar mara lafiya a na'ura, sai ya danna 1 ya wuce. Ni kuma na rubuta cewa in lamba ba ta da amfani, a haɗa da suna da ranar haihuwa. Mutanen biyu sunansu ɗaya, sunan mahaifi ɗaya, kuma dukansu takardarsu ta ce an haife su "wajen" shekara kaza, aka rubuta musu 1 ga Janairu. Laifina ne, ba na kowa ba. Da babu ƙarfen nan, da an ba dattijo maganin ciwon da ba nasa ba.

Wanda ya rubuta littafin koyon manhaja a Turai bai san wannan ba. A wurinmu suna da ranar haihuwa ba sa rarrabe mutum. Je ka kowane asibiti a Tawa ko Madawa ko Ƙonni ka ƙirga masu 1 ga Janairu. Ga kuma rubutun suna: yau Mahamadou, gobe Mahamane, jibi Mamane, duk mutum ɗaya. Aïchatou ta zo da ɗigo biyu a kan harafi, wata na'urar ta mayar da shi alamar tambaya. Wannan kuma (0008,0005) ke faɗa maka tsarin haruffan: ISO_IR 100 yana ɗaukar na Faransanci amma ba ya ɗaukar ɓ, ɗ, ƙ da ƴ namu, sai ISO_IR 192, wato UTF-8, wanda tsofaffin na'urori da yawa ba su sani ba.

Maganin shi ne manhajarka ta zama ita ke ba da lamba, lamba guda ga mutum guda har abada, a buga ta a katin da zai riƙa zuwa da shi. Sannan a hana mai ɗaukar hoto rubuta suna da hannu. DICOM yana da hanyar haka: manhajarka ta shirya jerin waɗanda za a ɗauka yau, na'ura ta tambaya, sunayen su fito a allonta, shi dai ya taɓa wanda ke gabansa. In na'urarku ba ta iya wannan, to duk hoton da ya shigo ya tsaya a ɗakin jira na manhaja, sai majo, wato babban ma'aikacin jinya, ko sakatare ya duba ya ce na wane ne kafin ya shiga kundin mutum. Kada ka bar kwamfuta ta yi hasashe.

Su kansu hotunan, da lambobinsu na musamman za ka bi su: (0020,000D) na zuwa guda, wato gwaji ɗaya, (0020,000E) na jeri guda a cikin zuwan, (0008,0018) na hoto guda. Da na ƙarshen za ka gane an turo maka abu sau biyu. Ka kuma rubuta lokacin da sabarka, wato kwamfutar da ke riƙe manhajar, ta karɓi fayil, daban da lokacin da na'ura ta ce. Yawancin na'urorinmu na hannu ne, ƙaramin batirin agogonsu ya daɗe da mutuwa, kuran na ɗaukewa sai su koma wata shekara da ta shuɗe.

Nauyin MySQL

Wannan mai sauƙi ne. Hoton ƙirji guda na DICOM yakan kai mega 10 zuwa 30. Yanka guda na sikana ɗigo 512 sau 512 ne, bayit biyu kowanne, rabin mega ke nan, gwaji mai yanka 300 ya zama mega 150. In ka zuba irin wannan cikin tebur, duk ranar da za ka ɗauki kwafin rumbun bayanai sai ka kwashe duka, kuma kuskuren tambaya guda da ta jawo ginshiƙin hoto ya isa ya cinye ƙwaƙwalwar sabar. Fayil ya zauna a faifai. A tebur ka ajiye inda yake, girmansa, na wane ne, da tambarinsa na SHA-256 don ka iya gane ranar da ya lalace. Sunan fayil kuma kada ya ƙunshi sunan mara lafiya.

Amma ga DICOM, shawarata ka sauke wa kanka kayan gaba ɗaya ka ɗora wa Orthanc. Ƙaramar sabar hotunan asibiti ce, kyauta, Sébastien Jodogne ya fara ta a asibitin jami'ar Liyej a Beljiyam, ta fito a 2012. Tana tafiya a kan kwamfutar tebur ta yau da kullum. Na'ura na tura mata hoto ta ƙofa 4242, kai kuma manhajarka na magana da ita ta HTTP a ƙofa 8042, ta ba ka amsa da JSON irin wanda ka saba. Abu uku za ka saita a na'urar: adireshin sabar, lambar ƙofa, da sunan da ake kira AE Title, wanda ba ya wuce harafi 16. Ka fara gwada C-ECHO, wato sallama tsakanin na'ura da saba. In ba a amsa sallama ba, kada ka ɓata lokaci kan tura hoto, matsalar na waya ne ko adireshi. Jerin masu jiran ɗauka da na ambata, Orthanc na da ƙarin da ke yin sa. Sai dai ka sani, ita ma da lambar mara lafiya take tara hotuna, in an ba mutum goma lamba 1, mutum ɗaya za ta ɗauke su.

Wani abin lura: wasu na'urorin eko sai an sayi lasisi daban kafin sashen DICOM ya buɗe. Tambayi wanda ya kawo ta. In babu hali, fitarwa ta kile ya fi ɗaukar allo da waya nesa ba kusa ba.

Don likita ya duba, kada ka ƙera abin kallo. OHIF yana buɗewa a burauza, Weasis kuma a kan kwamfuta ake sa shi, duka biyun suna sauya taga, suna awo, suna jera yankan sikana daidai.

Sai kuran. Kai da ke Tawa ba sai na ba ka labarin watan Afrilu da Mayu ba. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubuta fayil, rabi zai rage, kuma teburinka zai ce fayil na nan lafiya. Na ga hoton da samansa ƙirji ne, ƙasansa toka zalla. Tsarin da nake bi: rubuta da sunan wucin gadi, tilasta wa faifai ya karɓa da fsync, lissafa tambari, sauya suna zuwa na gaskiya, sannan a ƙarshe ka shigar da layi a tebur. Ondilar ga sabar wajibi ne, kafin ma a yi maganar firinta mai launi. Kwafin ajiya kuma biyu, ɗaya ya kwana a wani gini daban, domin zafi da ƙurar hunturu suna cin faifai. Duk wata ka ɗauko kwafin ka gwada mayar da shi a wata kwamfuta. Na san wanda ya shekara yana ɗaukar kwafi kullum, ranar buƙata ya tarar babu komai ciki.

Hanyar Yamai, da bidiyon da ke tsayawa

Tsakanin Tawa da Yamai kilomita ɗari biyar da wani abu ne ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, kuma akwai ranakun da faifai a hannun direban kar zai riga rezo isa. In saurin turawarku megabit ɗaya ne a daƙiƙa, gwajin mega 150 minti 20 zai ci, in bai yanke ba. Kuma zai yanke. Bidiyonka na tsayawa a rabi ne saboda kana tura shi dunƙule guda, rezo na yin tari sai a koma farko. Duba kuma iyakar da sabarka ta sa, domin PHP da Nginx duka suna zuwa da ƙaramar iyakar girman abin da za a tura, sai an ɗaga.

Gyaran shi ne a yanka fayil gunduwa-gunduwa, ka ce mega ɗaya ko biyu, kowace ta tafi da lambarta, in an yanke a ci gaba daga inda aka tsaya. Akwai ƙa'idar da aka riga aka gina don wannan, tus, da kayan aikinta a harsuna da dama. Kuma kada ma'aikaci ya zauna yana kallon allo yana jira. Ya danna "tura" ya koma aikinsa, abin ya shiga layi, manhaja ta yi ta gwadawa a bayan fage, ta ba na gaggawa gaba, sauran su tafi da dare. Manhajar kilinik ɗin kanta ta yi aiki a cikin gida ko babu intanet sam. Ranar da rezo ya ɗauke ba ranar hutun marasa lafiya ba ce.

Matsewa iri biyu ce. Akwai wadda ba ta zubar da komai, irin JPEG-LS ko JPEG 2000 marar asara, takan rage girma zuwa rabi ko kashi ɗaya cikin uku, kuma DICOM ya yarda da su. Wannan yi ta ba tare da shawara da kowa ba, in dai abin kallon likitan na iya buɗewa. Akwai kuma mai zubarwa, wadda ke rage girma sosai. Wannan ba hukuncinka ba ne, ba nawa ba ne, na likitan da zai sa hannu a sakamako ne.

Bidiyon eko kuwa, in ta DICOM ya fito, fayil guda ne mai hotuna da yawa a jere. Lissafa: hoto mai ɗigo 800 sau 600 mai launi ya kusa mega ɗaya da rabi, talatin a daƙiƙa ya haura mega 40, daƙiƙa biyar ta wuce mega 200 in ba a matse ba. Ajiye na asalin a Orthanc, ka fitar da kwafin MP4 da manhajar sauya bidiyo ta ffmpeg, tsarin H.264, wanda kowace waya ke buɗewa. Saurin hotunan ka ɗauko shi daga (0018,1063), kada ka ƙaddara 25 ko 30, in ba haka ba zuciyar jariri za ta buga da saurin da ba nata ba. Ka sa -movflags +faststart don jadawalin bidiyon ya dawo farkon fayil, ya fara wasa kafin ya gama sauka. Sabarka kuma ta iya ba da yankin fayil in an nema, wato amsa mai lamba 206, don likita ya tsallaka tsakiya ba sai ya sauke duka ba. In ka ga launin gudun jini ya fito kore da shunayya maimakon ja da shuɗi, an rubuta launin da tsarin YBR ne, kai kuma ka karanta shi a matsayin tsarin RGB.

Na san abin da ake yi yanzu kafin ka gama gyara: WhatsApp. Ba zan yi kamar ban sani ba, ya ceci mutane a inda babu wata hanya. Amma in aka tura a matsayin hoto, matse shi yake yi, kuma hoton cikin matar wani ya zauna a wayar mutum uku tare da hotunan biki. Manhajarka sai ta fi shi sauƙi kafin su bar shi. In turawa a wurinka danna bakwai ce, a can biyu, ka san wanda zai ci.

Takardu

Nan ba zan daɗe ba. Shafin A4 a ɗigo 300 cikin inci, da launi, ba matsi, ya kai mega 26. Takardar labo ba ta buƙatar haka, launin toka a 200 ko 300 ya isa, shafi ya dawo ƴan ɗaruruwan kilo. Launi sai inda hatimi ko jan biro ke da ma'ana. Ajiye su PDF, in da hali nau'in PDF/A, wanda aka tsara don ajiya mai tsawo, yana ɗauke da haruffansa a cikinsa. In da waya ake ɗauka, karanta alamar juyawa ta EXIF, wato bayanan da waya ke maƙala wa hoto, ka miƙe hoton, sannan ka goge sauran bayanan, domin wani lokaci har wurin da aka tsaya aka ɗauka yana ciki.

Tesseract, kayan aikin da ke ciro rubutu daga hoto, yana karanta Faransancin da aka buga da na'ura, ya isa a yi bincike da shi. Rubutun hannun likita kuwa, mu ma da ido muna fama. Kada ka bar abin da ya karanto ya shiga gurbin sakamako kai tsaye, waƙafi guda ya ɓace, 1,2 ta zama 12. Sakamakon da likita ya sa wa hannu kuma ba a goge shi. In an yi gyara, sabo ya hau sama, tsohon ya zauna da sunan wanda ya gyara da lokaci. Duk fayil da aka ɗora, duba bayit ɗinsa na farko ka tabbatar shi ne abin da ya ce, domin kile ɗin da ya zaga kwamfutocin gari ba a rasa shi da ƙwayar cuta.

Sirrin mutane

Tawa gari ne da aka san juna. Mai karɓar kuɗi a kilinik na iya zama maƙwabcin wadda aka yi wa eko. Don haka kowa da sunansa da lambar sirrinsa, kowa da iyakar abin da zai gani, kuma manhaja ta rubuta wa ya buɗe kundin wa, yaushe. Da ma'aikata suka san ana rubutawa, leƙe-leƙe kan ragu da kansa. Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar da ke kula da ita, HAPDP, kuma bayanan lafiya na cikin masu tsauri. Mai kilinik ya kamata ya san da haka kafin hoto ya fara fita daga gininsa.

Kada ka buɗe ƙofa 4242 ko 8042 ga duniya don likitan Yamai ya samu shiga. DICOM a yadda ya zo ba ya ɓoye abin da yake turawa. A 2019 wani kamfanin tsaro na Jamus, Greenbone, ya gano ɗaruruwan sabobin hotunan asibiti a ƙasashe da dama a buɗe, kowa na iya shiga. Haɗa likitan ta WireGuard, wato keɓantacciyar hanya mai ɓoye bayanai, ko ka sa HTTPS da lambar sirri a gaba.

In kuma kana son hotunan gwaji a kwamfutarka, goge suna daga (0010,0010) bai isa ba. Akwai sunan asibiti, na likita, ranaku, da gurabun da kamfanin na'ura ya ƙara nasa. Mafi muni, eko na ƙona sunan mutum a cikin hoton kansa, can sama, sai ka rufe wurin da baƙi. Orthanc na iya share na rubuce, na cikin hoton kuwa aikinka ne.

Iyakata, da wata huɗun da suka wuce

Ni mai rubuta manhaja ne, ba likita ba. Ko allon da yake dubawa ya isa a yanke hukunci da shi, ko waya ta isa a duba karaya, likitan ne zai faɗa. Ban kuma ga na'urorinku ba, kowane kamfani na da takardar da ke bayyana abin da na'urarsa ke iyawa na DICOM, nemi ta taku ka karanta kafin ka yi wa mai kilinik alkawari.

Game da hotunan da ka riga ka mayar JPEG, gobe da safe ka je wurin na'urar radiyon. Yawancinsu suna riƙe gwaje-gwajen baya a faifansu har sai ya cika, sannan su fara share mafi tsufa. Roƙi mai ɗaukar hoto kada ya share komai, ka kafa Orthanc, ku zaɓi duka ku sake turawa, ku fara da mafi tsufa tunda su ne a bakin sharewa. Abin da aka samu, ka zauna da majo ku haɗa kowanne da mai shi, ɗaya bayan ɗaya. Wanda ba a samu ba, bar JPEG ɗinsa a kundin, amma manhaja ta rubuta a kansa da manyan haruffa cewa kwafi ne, ba a awo da shi.